Daga Sakkwato zuwa ƙasan teku: yadda ake shirya mako guda na nutso a jirgin kwana

Tun da na dawo daga Masar da hotunan duwatsun murjani da kifaye masu zane kamar atamfa, ban huta da tambaya ba, wasu a waya, wasu a majalisa bayan la'asar. Kawuna da ya gan ni cikin baƙar rigar roba, goye da tukunyar iska, cewa kawai ya yi, "Kai ɗan nan, mi kaka biɗa ƙasan gulbi?" Su kuwa matasa abin da suke son ji shi ne ta ina ake farawa, nawa ake kashewa, kuma ko wanda bai taɓa ganin teku ba zai iya. Zai iya, in ya bi abin daki-daki.

Jirgin kwana jirgin ruwa ne mai ɗakuna, wanda ke ɗaukar masu nutso kamar ashirin ya yi nisa da gaɓa har dare bakwai. A cikinsa ake ci da sha da sallah da barci, a shiga ruwa sau uku ko huɗu kullum. Misirawa suna ce masa safari, a intanet kuma da sunan liveaboard za ka same shi. Abin da nake so ka riƙe tun yanzu: biyan kuɗin jirgin shi ne kusan na ƙarshe a jerin nan, kuma yawancin masu asara da shi suke farawa.

1. Likita tukuna

Kowace makarantar nutso tana da fom na tambayoyin lafiya. Sauke shi, ka buga, ka kai wa likita tun kana gida. A asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo akwai likitocin zuciya da na ƙirji da na kunne, su ne abin ya fi shafa. A auna hawan jini da sukari, a duba dodon kunne, in akwai haƙorin da ya rube a gyara shi, don iskar da ta maƙale a kogon haƙori tana sa mutum ya raina kansa a ƙasan ruwa.

Gargaɗi: mai farfaɗiya, mai ciki, mai sikila, da wanda huhunsa ya taɓa sacewa, ba sa nutso da tukunyar iska. Mai asma, mai ciwon suga da mai hawan jini sai da sa hannun likita. In jininka AS ne, faɗa wa likitan, kada ka ce ai ba ka taɓa ciwo ba. Na ga masu cika fom da "a'a" daga sama har ƙasa don kada a hana su. Kansu suke cuta.

2. Koyi iyo a kwamin wanka

Kafin a ba ka takardar shaidar nutso ta farko za a sa ka yi iyo na mita 200 ba tsayawa, sannan ka tsaya a saman ruwa minti 10 ba ka riƙe komai ba. Ba a duba sauri. Nemi otal mai kwamin iyo da mai koyarwa, ka ba abin wata biyu ko uku, sau biyu a mako.

Kada ka ce za ka koya a madatsar Goronyo ko gulbin Rima. Ba a ganin ƙasan ruwan, ba mai tsaronka, ga kuma tsargiya.

3. Kwas na farko da na biyu

Ƙungiyoyin da shaidarsu ta fi karɓuwa su ne PADI da SSI. Karatun littafi ana yin sa ta intanet, don haka ka gama shi a Sakkwato kafin ka tashi. Wanda Larabcinsa ya fi Turancinsa ƙarfi ya nemi na Larabci. Aikin ruwa kuwa sai ka je inda teku take, kuma gare mu Masar ta fi sauƙi: Hurgada, Dahab ko Sharm el-Sheik.

Kwas na farko kwana uku ne ko huɗu: atisaye biyar a ruwa marar zurfi, sai nutso huɗu a teku. Yana ba ka damar sauka zuwa mita 18. Na biyu kwana biyu ne, nutso biyar, ya kai ka mita 30, kuma shi ne jiragen kwana suka fi tambaya. Ƙara da kwas ɗin naitiroks na yini ɗaya, wato shaƙar iskar da aka ƙara wa oksijin zuwa kashi 32 cikin 100, wadda ke rage naitirojin da ke taruwa a jikin mai shiga ruwa sau huɗu a rana. A Masar na farkon yakan ci dala 300 zuwa 450, na biyun ƙasa da haka.

Abu biyu za ka haddace a nan. Na ɗaya, kowane mita 10 na zurfi yana ƙara maka nauyi daidai da na iskar da ke kanmu a doron ƙasa, shi ya sa kunne ke ciwo. Maganinsa ka toshe hanci ka hura a hankali tun daga mitan farko, kana maimaitawa kafin ciwon ya zo. In ya ƙi buɗewa, ɗan hau sama ka sake gwadawa, kada ka tilasta. Na biyu, ba a riƙe numfashi. Mu nan mun tashi muna yaba Sarkawa da masuntan Argungu da daɗewa a ƙasan ruwa da numfashi ɗaya, kuma gwaninta ce ta gaske. Amma su iskar sama suka shaƙa suka sauka da ita. Kai iskar da ka shaƙa a mita 10 za ta ninka girmanta kafin ka iso sama, in ka kulle ta a ƙirji tana iya yaga huhu. Shaƙa, fitar, shaƙa, fitar, har ka fito.

4. Tara nutso kafin ka nemi jirgi

Nan ne na yi nawa kuskuren. Ina da nutso 14 a littafina na tura wa wani kamfani kafin alƙalami don hanyar tsibiran tsakiyar teku. Sai daga baya suka nemi hoton littafin, suka ce sai mai 50. Da kyar suka yarda suka ɗaga mini zuwa wata shekarar, kuɗina na kwance a hannunsu.

Saboda haka ka ɗauki abin tafiya biyu. Ta farko ta kwas ce da jiragen yini, masu fita da safe su dawo da yamma. Ka rubuta kowane nutso a littafi, jagora ya buga hatimi. Abin da kake nema a wannan lokacin shi ne iya tsayuwa cak a tsakiyar ruwa, ba ka nitsewa, ba ka tashi, ba ka wutsil-wutsil da hannu. Wanda ya iya wannan iskarsa tana daɗewa, ƙafarsa ba ta karya murjani. Hanyoyi masu sauƙi suna karɓar mai nutso 20 zuwa 30, masu ƙarfin ruwa 50.

5. Zaɓen teku, hanya da wata

Bahar Maliya ta Masar ita nake ba duk mai farawa shawara. Hanyar arewa tana tashi daga Hurgada, ta bi Ras Muhammad da jiragen da suka nitse a Abu Nuhas, ta kai ka Thistlegorm, jirgin Ingila da Jamusawa suka nutsar a watan Oktoban 1941. Yana kwance a zurfin mita 30, har yau da babura da manyan motoci jere a cikinsa. Hanyar kudu, daga Port Galib ko Marsa Alam zuwa Fury Shoals da St John's, ita ce ta mai son murjani zalla da ruwa garau. Hanyar Brothers, Daedalus da Elphinstone ta gwanaye ce: katangun murjani da suka miƙe zuwa zurfin da ido ba ya kaiwa, ruwa mai ja, da manyan kifayen shak. Daedalus kusan kilomita 80 yake daga gaɓa, kamar daga Sakkwato zuwa Illela, sai dai ba kwalta, ba gari a hanya. Mako guda a irin waɗannan jirage yakan kama daga dala 1,000 zuwa 1,800.

Maldibs ƙasar Musulmi ce, ana ba da biza a filin jirgi, lokacinta mafi kyau Disamba zuwa Afrilu, kuma dokarsu ta tsayar da nutso a mita 30. Kuɗin ya kusan ninka na Masar. Raja Ampat a Indunusiya, inda ake shiga ta garin Sorong tsakanin Oktoba da Afrilu, ta fi kowa yawan nau'in murjani, ta kuma fi kowa tsada da nisa. Bar ta sai tafiya ta uku.

A Bahar Maliya ruwa yana kai wa digiri 28 ko 29 daga Yuli zuwa Satumba, ya sauko wajen 22 a Janairu da Fabrairu. Ni na fi son Mayu da Oktoba.

Hattara: duba kalandar Musulunci kafin ka tsayar da rana. Nutso huɗu a yini da ƙishirwar azumi ba sa haɗuwa, don ƙarancin ruwa a jiki yana ƙara haɗarin ciwon da zan yi bayani a mataki na 10.

6. Binciki jirgin kamar mai neman aure

Hotunan ɗakuna da faranta cike da abinci kowa yana da su. Rubuta musu ka tambayi waɗannan, ka ajiye amsar a rubuce: tukunyar oksijin ta gaggawa nawa ce a jirgin, akwai wayar tauraron ɗan adam, kwale-kwalen ceto nawa ne, ɗakunan ƙasa suna da ƙofar tsira ta biyu, akwai na'urar jin hayaƙi, kuma akwai mai gadin da ke kwana ido biyu. Masu nutso nawa ne ke bin jagora ɗaya. Shida zuwa takwas ya yi.

Ba tsoratarwa nake ba. A watan Satumban 2019 wani jirgin kwana ya kama da wuta cikin dare a gaɓar Kalifoniya ta Amurka, mutum 34 da ke barci a ɗakin ƙasa suka rasu. A Nuwamban 2024 wani ya kife a kudu da Marsa Alam, aka rasa rayuka. Kamfanin da ya ji haushin tambayarka ya ba ka amsa ke nan.

Tambayi kuma abin da kuɗin ya ƙunsa. Galibi ɗaki, abinci, tukunya, darmar da ake ɗaurawa a jiki don a iya nitsewa, da jagora suna ciki. Hayar kaya, kuɗin shiga wuraren da gwamnati ta keɓe, harajin tasha, wani lokaci da naitiroks, daban ake biya, kuma suna iya haɗuwa su kai dala 300 zuwa 500. Akwai kuma ihsanin ma'aikata a ranar ƙarshe, wanda aka saba kimantawa kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin jirgin. Riƙe tsabar dala ko yuro, sababbin takardu, don katin banki ba ya da tabbas a tsakiyar ruwa. Kada ka tura kuɗi asusun wani mutum da ka haɗu da shi a Facebook. Asusun kamfani, da rasit.

7. Takardu da tikiti

Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Bizar Masar ta ofishin jakadancinsu da ke Abuja ake nema, ka fara da wuri, ka haɗa da takardar da kamfanin jirgin ya aiko maka. Katin allurar shawara, mai ruwan ɗorawa, ya zama yana cikin fasfo.

Sayi inshorar nutso. Ta ƙungiyar DAN, mai kula da lafiyar masu nutso, ce aka fi sani. Inshorar tafiya ta gama-gari sau da yawa ba ta biyan ɗakin matsin iska, inda ake jinyar masu nutso, kuma kuɗinsa dubban daloli ne.

Daga filin jirgin Sultan Abubakar III ka sauka Abuja, ko ka bi mota zuwa Kano, daga can EgyptAir zuwa Alƙahira, sannan jirgin cikin gida na kamar awa ɗaya zuwa Hurgada.

Gargaɗi: ka isa garin da jirgin ruwan yake kwana ɗaya cur kafin ranar tashi. In lokacin hunturu ne ka ƙara wani kwanan a Abuja, don kowa ya san yadda hazo ke hana jirgi sauka a Sakkwato. Jirgin ruwa ba ya jiran kowa, ba ya kuma mayar da kuɗi.

8. Kaya

Abu huɗu ka mallaki naka: gilashin fuska da ya zauna maka daidai, kwamfutar hannu mai lissafa zurfi da lokaci, balan-balan mai tsawo ta alama da zarenta, da tocila ta ruwa. Gwajin gilashi: ɗora shi a fuska ba tare da igiya ba, ja iska ta hanci, in ya manne ya yi. Gemu ba ya hana shi zama, gashin baki ne ke sa yoyo, sai ka rage na ƙarƙashin hanci. Ragileta (na'urar da ake shaƙar iskar tukunya ta cikinta), jaket ɗin iska mai daidaita nitsewa da tashi, rigar roba da takalmin agwagwa ana hayarsu, amma ka aika musu awonka tun da wuri.

Kada zafin Sakkwato ya ruɗe ka. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska nesa ba kusa ba, kuma mu da muka saba da digiri 42 mu ne farkon masu karkarwa. Inda Bature ya sa riga mai kaurin milimita 3, ni 5 nake sawa. 'Yan'uwa mata, rigar tana rufe jiki daga wuya zuwa idon sawu, akwai hular roba mai rufe gashi, a ɗora doguwar riga mai saurin bushewa in an fito. Ana iya neman mace mai koyarwa, da ɗaki tare da mace ko da maigida.

Sauran: jaka mai laushi maimakon akwati, kaya kaɗan tunda ba takalmi ake yawo a jirgi ba, rigar sanyi ta dare, maganin jiri da amai, maganin ɗigawa a kunne, da magungunanka na kullum. Batura a jakar hannu. Ni nakan ƙara da kilishi da yaji, don bayan kwana huɗu na wake da gurasa harshe yakan nemi gida.

9. Daren farko

Za a karɓi shaidarka da littafinka da takardar inshora, a nuna maka wurin da tukunyarka za ta zauna duk mako. Bayan bayanin tsaro, je da ƙafarka ka ga ƙofar tsira, ka buɗe ta da hannunka, ka san inda rigar ceto take. Fasfo, waya da tocila su kwana cikin jakar da ruwa ba ya shiga, kusa da kanka. Kada ka bar waya ko batir a caji cikin ɗaki kana barci. Sha maganin jiri kafin jirgi ya tashi. In amai ya riga ya fara, ya makara.

Washegari nutson farko na gwaji ne a wuri marar zurfi, don a daidaita maka darma. Bahar Maliya ta fi yawancin tekuna gishiri, za ka buƙaci nauyi fiye da yadda ka zata.

10. Yadda kowane nutso ke tafiya

Ana tashi wajen ƙarfe shida, a sha shayi, a taru jagora ya zana taswirar wurin: ta ina ruwa ke ja, zurfin da ba za a wuce ba, minti nawa. Saurara ko da ka gaji da ji. In naitiroks kake shaƙa, auna tukunyarka da kanka ka rubuta. Mai kashi 32 ba a wuce mita 33 da ita. Kai da abokin nutsonka ku duba juna: iska a buɗe, ma'aunin iskar tukunya ya nuna kusan 200, jaket yana hurawa yana sacewa, darma a ɗaure.

Sau da yawa ƙaramin kwale-kwalen roba mai inji ne zai kai ku. Ku zauna a gefensa, a ƙirga uku, ku faɗa da baya lokaci ɗaya, hannu dafe da gilashi da ragileta. A ƙasa magana da hannu ce, kuma ga inda sababbi ke kuskure: ɗaga babban yatsa yana nufin "mu hau sama". In lafiya kake, haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe.

Fara da wuri mafi zurfi, ka riƙa hawowa sannu a hankali. Duba ma'auni kowane 'yan mintuna, ka sanar da jagora in ka kai 100, ka kasance a saman ruwa da 50. A mita 5 tsaya minti 3. In ruwa ya raba ku da jama'a, ku nemi juna minti ɗaya kawai, sannan ka hura balan-balanka ka hau a hankali, masu kwale-kwale za su hango ta.

Kada ka taɓa komai. Murjani dabba ce mai rai, wani reshen da ƙafarka za ta karya ya yi shekaru yana girma. Akwai wanda ke ƙuna kamar wuta, akwai kifi mai dafi da ke kwanciya kamar dutse. Goggona ta ce in tsinko mata na wuya. Na ce mata ɗauko shi laifi ne a dokar Masar, kuma a filin jirgi ana bincike.

Gargaɗi mafi girma: naitirojin da jiki ya sha a ƙasa, in aka hau da gaggawa, yana yin kumfa a jini kamar kwalbar lemon da aka girgiza aka buɗe. Alamunsa ciwon gaɓoɓi, dindiris ko jin kamar tafiyar kiyashi a hannu da ƙafa, jiri, ƙuraje masu shaci, ko gajiyar da ta wuce misali, cikin mintuna ko awoyi bayan fitowa. Mu mutanen nan muna da dauriya da alkunya, ba ma son a ce mun ɓata wa jama'a tafiya. Nan ba wurinsu ba ne. Kada ka shafa man zafi ka kwanta. Faɗa wa jagora nan take a sa maka oksijin, kada ka koma ruwa. Akwai ɗakunan matsin iska a Hurgada da Marsa Alam da Sharm, amma daga tsakiyar teku awoyi ne kafin a kai ka, don haka kowane minti na ɓoyewa kai yake ci.

Sha ruwa sosai tsakanin nutso. In mura ta kama ka ko kunne ya toshe, zauna a jirgi. Ba dole ne ka yi kowane nutso na makon ba. Ni nakan bar na dare a kwana na uku in yi barci.

11. Sallah da abinci

A Masar da Maldibs yawancin ma'aikatan Musulmi ne, naman halal ne, kuma za ka samu abokan jam'i. Giya takan kasance a firij don baƙi, ba mai tilasta maka. Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi. Zancen ƙasaru da haɗa salloli ka zauna da malaminka kafin tafiya, ka faɗa masa jirgin kullum yana canza wuri.

Alƙibla kuwa ka manta da "gabas". Daga Hurgada Makka tana kudu maso gabas, daga Maldibs arewa maso yamma. Jirgin da ke ɗaure ma yana juyawa da iska, saboda haka ka tambayi matuƙi kowace sallah.

12. Ranar ƙarshe da dawowa

Bayan kwanaki ana nutso, ƙa'ida ita ce aƙalla awa 18 kafin hawa jirgin sama, yawancin kamfanoni kuma 24 suke cewa, ni ma ita nake bi. Jirgin cikin gida zuwa Alƙahira ma jirgi ne, da shi za ka yi lissafi. Hawan Dutsen Sinai a wannan tsakanin shi ma a bar shi, tsawonsa ya haura mita 2,000.

Ɗauraye kayanka da ruwan daɗi, ka shanya su a inuwa su bushe sarai. Sa jagora ya buga hatimi a littafinka kafin a watse, biya sauran kuɗi, ka sa ihsanin ma'aikata a ambulan. In ka iso Sakkwato ka ji wata alama daga cikin waɗanda na lissafa, kira lambar gaggawa ta inshorarka, ka kuma gaya wa likitan da ya duba ka cewa daga nutso ka fito, da ranar da ka yi na ƙarshe da zurfinsa, don ba shi ne abin da zai fara zuwa masa a rai ba. Kayan roba kuma kada a ajiye su a ɗakin da rana ke duka ko bayan mota. Zafin Afrilu yana busar da su ya tsattsage. Nawa suna ƙasan gado cikin jakar auduga.